Tsakanin Adaka Da Kalashinkof: A Daina Yi Wa Maharbanmu Kuɗin Goro

Duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah a Gumel ya san ƙarar bindigar da ke tashi a gaban tawagar sarki, da hayaƙin albarushin da ke turnuƙe fili. A da, masu wannan aiki su ake kira 'yan bindiga, kuma suna ne na girma. A yau idan aka ce 'yan bindiga sun shiga gari, sai uwa ta rungume ɗanta. Kalmomin bindiga da harsashi da albarushi duk daga Larabci muka aro su, to amma mun tsaya a kan kalma guda muna kiran abubuwan da suka sha bamban da juna, kuma maharbin ƙauye ne ke ɗanɗana kuɗar wannan sakaci.

Mai karatu, bambancin yana cikin bututun. Adakar da maƙeri ke ƙerawa, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, cikinta sumul yake. Harsashinta na fita ne yana tangaɗi, da wuya ya riƙe saiti bayan taku ɗari, sannan sai an sake ɗuri kafin a yi harbi na biyu. Ita kuwa bindigar soja, an sassaƙa wa cikin bututunta zane mai murɗiya wanda ke sa harsashi ya fita yana juyawa kamar katantanwar yara, shi ya sa yake tafiya a miƙe. Ana auna wannan murɗiya da tsawon da harsashi zai ci kafin ya kammala juyi guda. A Kalashinkof, milimita 240 ne. Amurkawa sun yi amfani da juyi ɗaya a inci 12 a samfurin M16A1, da suka koma ga harsashi mai tsawo da nauyi sai suka mayar da shi inci 7 a M16A2. Tun a 1879 Baturen Ingila, Alfred Greenhill, ya fito da lissafin da ke nuna cewa gwargwadon tsawon harsashi, gwargwadon saurin murɗiyar da yake buƙata. Wato kowace bindiga da irin harsashin da aka yi ta dominsa.

Dokar Makamai ta 1959 ta fahimci haka, domin ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko haramtattu ne sai da izinin Shugaban Ƙasa, har ta ambaci bindigogin soja masu cin harsashin 7.62 da .303. Na biyu su ne na farauta irin mai baki biyu, da lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne adaka da danginta, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba wa izini. Ke nan tun fil azal zaɓin mai farauta a ƙasar nan taƙaitacce ne, kuma da hukumar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da lasisi a 2023, sai ƙofar ta ƙara ƙuncewa ga mai son bin doka. Shi kuwa ɓarawon daji bai taɓa neman takardar kowa ba. Tun bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011 makamai suka bazu a yankin Sahel, kuma harsashin Kalashinkof bai yanke masa ba.

Ba ina kira ne a sakar wa jama'a makamai ba. Maigatari gari ne na kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, kasuwar dabbobinta ta ranar Alhamis na tara baƙi daga ko'ina, saboda haka tsaurara bincike a wurin wajibi ne. Adaka ma tana kisa, kuma bututun da ba a ƙera da kyau ba kan fashe a hannun mai shi. Sai dai haramcin kuɗin goro ba ya kawar da adaka, ɓoye ta kawai yake sa a yi, a kuma mayar da maharbin Gagarawa ko Sule Tankarkar mai laifi, alhali shi ne ya san daji, shi ne kuma ake nema idan an bi sawun ɓarayin shanu.

Shawarata ita ce, rundunar 'yan sandan Jihar Jigawa da Cibiyar Yaƙi da Yaɗuwar Ƙananan Makamai ta Ƙasa su haɗa kai da Masarautar Gumel, a yi rajistar maharba da maƙera ta hannun hakimai da sarakunan sana'a, a buga wa kowace adaka lamba, a san mai sayar da albarushi da mai saye. A fassara dokar zuwa Hausa a karanta a rediyo. Mu kuma masu alƙalami mu riƙa bambancewa a rubutunmu, mu kira ɓarawo da sunansa, mu bar wa bayin sarki da maharba nasu sunan.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.