AN ƊAUKI ALKAWARI A JENIBA, TALAKA NA RASA ƘAFA A GIDA

'Yan'uwa talakawa, ku kawo kunne. Cikin watan Mayu na 2022 ƙasashen duniya suka taru a Jeniba, wurin babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya, suka ɗauki alkawari a kan ciwon sukari. Nijeriya tana cikin wannan hukuma. Ga abin da aka ce za a cika kafin 2030: cikin masu ciwon 100 a gano 80. Cikin waɗanda aka gano kuma, 80 bisa ɗari sukarinsu ya sauka daidai, 80 bisa ɗari hawan jininsu ya kwanta. Mai irin ciwon nan da ba a rayuwa sai da allurar insulin kuwa, kowane ɗaya ya samu a kuɗin da zai iya biya.

To, mu auna mu gani. A 2008 likitoci suka bincika masu ciwon sukari 531 a manyan asibitoci bakwai na ƙasar nan. Akwai wani awon jini da ke nuna yadda sukari ya zauna a jiki wajen wata uku, ana so ya sauka ƙasa da 7. Cikin mutum uku, ɗaya kaɗai ya kai wannan. Ku lura fa, waɗannan su ne masu gata, watau waɗanda suka iya kuɗin mota har gaban babban likita. Ina ga mai tallar daddawa da ba a taɓa ɗiga jininta a kan na'ura ba?

Wani zai ce ai 2008 ta yi nisa. To, me ya yi sauƙi tun daga nan? A 2023 aka saki naira ta faɗi warwas, insulin kuwa daga waje ake kawo ta, kuɗinta ya yi tashin gwauron zabo. Mutanen Kanada da suka gano maganin nan a 1921 sun sayar da haƙƙinsa dala ɗaya ɗaya domin kada ya gagari kowa. Ga shi ya gagare mu.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne ɗora wa mara lafiya laifi. Da ya dawo da gyambo a ƙafa sai a ce ba ya bin doka, ya ci tuwo, ya sha shayi. Wace doka? An ce ya ci acca da kifi, cinikinsa bai kai na garin kwaki ba. An ce ya ajiye allura cikin firiji, unguwarsu ta kwana uku ba wuta, sai gindin randa. Ƙwayar da aka ce safe da yamma, yana shan ɗaya domin ta kai ƙarshen wata. Wannan ba taurin kai ba ne, rashi ne, gama ba mai son a yanke masa ƙafa.

Kada kuma a ce mana babu kuɗi. A Abuja, a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ba lafiya 15 bisa ɗari na kasafi. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa kaiwa ba. Da dokar kuɗi ta 2021 aka sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba, wai domin lafiyarmu. Mu ne muka biya a kasuwa. Muna tambayar Ministan Lafiya, kwalbar insulin nawa aka saya da shi?

Abin da muke nema ba shi da yawa. A sa na'urar awon sukari da ta hawan jini a kowace ƙaramar asibiti, awo kyauta. Kuɗin harajin lemo ya tafi ga insulin. Kowace shekara kuma Minista ya tashi gaban Majalisa ya faɗi inda aka kai cikin 80 ɗin nan.

Kafin nan, kai mai yawan fitsarin dare da ƙishirwa da rama ba dalili, rufe rumfa rabin yini ka je a auna ka.