SHARHI: Yadda tsaurara tsaro ke ƙara wa 'yan ci-rani darare a Tekun Atalantika

A watan Nuwamban kowace shekara, ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da ƙarfin iska kan tashi daga Las Palmas, a tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya, su nufi Saint Lucia a yankin Karibiyan. Gasa ce da ake kira ARC, wadda aka fara a 1986. Iskar da ke kaɗawa daga arewa maso gabas ita ce ke tura su daga baya. Idan magariba ta gabato kuma iska ta tsananta, matuƙan kan naɗe wani sashe na ƙyallen da ke kama iskar, su raba dare zuwa zangon gadi, kowa ya ɗaure kansa da igiya a jikin jirgi. Suna da hasashen yanayi da na'urar da ke sanar da inda suke.

A wannan teku kuma akwai wasu matafiyan da ke fuskantar iskar gaba da gaba. Su ne matasan Mali da Senegal da Gambiya da Gini da ke shiga kwale-kwalen masunta domin isa waɗannan tsibirai. Alƙaluman ma'aikatar cikin gida ta Sifaniya sun nuna mutum 46,843 ne suka isa Kanari ta teku a 2024, adadin da ba a taɓa gani ba. Ƙungiyar Caminando Fronteras ta ƙiyasta cewa mutum 9,757 sun mutu ko sun ɓace a wannan hanya a shekarar.

An saba ɗora laifin a kan iska da igiyar ruwa. Amma tambayar da ta dace ita ce: me ke sa kwale-kwale marar rufi ya kwana bakwai ko goma a tsakiyar teku?

Amsar farko tana cikin taswira. Daga Tarfaya a Maroko zuwa tsibiri mafi kusa kimanin kilomita 100 ne. Daga Nouadhibou a Muritaniya kusan 800 ne. Daga gaɓar Senegal kuwa tafiyar ta kai kilomita 1,500. Duk lokacin da aka toshe wata mashiga a arewa, masu safarar mutane kan koma kudu. A watan Maris na 2024 Tarayyar Turai ta ƙulla yarjejeniya da Muritaniya, tare da alkawarin yuro miliyan 210. Sintiri ya ƙaru, an yi ta kame da korar baƙi, yawan masu isa Kanari ya ragu ƙwarai a 2025. Sai dai an ga ƙarin kwale-kwale na tashi daga Gambiya da Gini, inda tafiyar ta fi tsawo.

Amsa ta biyu tana cikin yadda ake tafiyar. Ana tashi ne da dare ba tare da fitila ba, kuma matuƙi kan yi nisa da gaɓa don kauce wa jiragen sintiri. Can iska ta fi ƙarfi, kuma ruwan da kansa yana gangarawa kudu ne. Injin yana aiki da wahala, yana shan mai fiye da lissafi. Cikin duhu matuƙi ba ya ganin igiyar ruwa kafin ta iso, balle ya juya mata goshin jirgi. Ruwa na shiga, sanyi na ratsa jikin mutanen da suka jiƙe. Da inji ya mutu ko mai ya ƙare, ko aka wuce El Hierro, tsibiri na ƙarshe ta yamma, iskar nan da ke kai 'yan gasa Karibiyan ita ce za ta kwashe su.

Wannan ya sha faruwa. A 2021 an tsinci kwale-kwalen Muritaniya ɗauke da gawarwaki a gaɓar Tobago. A Afrilun 2024 masunta a jihar Pará ta Birazil sun ga wani da gawa tara. Jirgin da ya bar ƙauyen Fass Boye na Senegal ranar 10 ga Yulin 2023 da mutum 101 ya shafe fiye da wata guda a teku. Mutum 38 aka ceto kusa da Cape Verde.

Mai karatu a Nijar ya san irin wannan labari. Bayan dokar 2015 da ta haramta safarar 'yan ci-rani, direbobin Agadez sun bar hanyoyin da ke da rijiyoyi, suka kutsa cikin hamada don guje wa jami'ai. Tafiya ba ta tsaya ba, haɗarinta ne ya ƙaru, har gwamnatin soja ta soke dokar a Nuwamban 2023.

Masu safara suna da laifi babba, domin su ke cusa mutum sama da ɗari a jirgin kamun kifi. Haka kuma kowace ƙasa na da ikon tsare iyakarta. Amma manufar da ke auna nasara da raguwar masu isowa kaɗai, ba ta ƙidaya waɗanda suka tashi ba su isa ba, ta bar rabin lissafi. Akwai kuma tushen lamarin: manyan jiragen kamun kifi na ƙasashen waje da masana'antun garin kifi sun rage abin da ƙaramin masunci ke samu, har kwale-kwale ya fi riba da fasinja.

Abin da matasa za su iya nema daga gwamnatocinsu a bayyane yake: a wallafa sharuɗɗan yarjejeniyoyin da ake ƙullawa da Turai, a ware wani kaso na kuɗin don aikin ceto a teku, a buɗe rajistar waɗanda suka ɓace, a faɗaɗa bizar aiki ta halal. Iyayen Fass Boye sun jira labari fiye da kwana talatin. Wasu iyayen har yau ba wanda ya kira su.