Mun Gina Aji, Mun Manta da Malami

Duk ƙarshen shekarar karatu, makarantunmu na nan Sabo sukan cika da rumfuna da kujerun haya. A ɗinka wa yara anko, a kira mai hoto, a dafa shinkafa, kuɗi na fita babu ƙyashi. Amma da zarar an ce a ware wani abu don horar da malaman yaran nan, sai kowa ya sunkuyar da kai. Haba jama'a!

Mu yi gwaji ɗaya. A kira yaron da ya zo na ɗaya a lissafi, a ce masa: motar albasa ta taso daga Aliero zuwa Ibadan, ga kuɗin saye, ga na mota, ga na 'yan dako, buhu kaza ya ruɓe a hanya. Nawa za a sayar da buhu kada uwar kuɗi ta karye? Sau da yawa sai ya tsaya yana kallonka, domin ba a rubuta masa wannan a allo ya kwafa ba. Ɗan'uwansa mai bin babansu kasuwar Bodija kuwa, kafin ka rufe baki ya ba ka amsa.

Laifin ba na yaron ba ne. Shi kansa malamin haka aka koyar da shi: a kwafa, a haddace, a juye ranar jarrabawa.

Akwai hanyar da ake kira koyarwa ta warware matsala. An fara ta a makarantar koyon likitanci ta Jami'ar McMaster da ke Kanada a 1969. Matsalar ake fara ajiye wa ɗalibai kafin darasi. Su rabu rukuni-rukuni, su faɗi abin da suka sani, su gano abin da ba su sani ba, su je su nemo, su dawo su kare amsarsu. Malami yana zagayawa yana jefa tambaya, ya riƙe amsar a cikinsa.

Wasu za su ce ai tsarin Turawa ne. To, tun da aka kafa Sabo a 1916, yaya iyayenmu suka koya wa yaransu fataucin goro? Huhu ake ajiye wa yaro a gabansa, ya tsince, ya ware mai kyau da mai tsutsa, ya sa farashi, maigida na gefe yana kallo. A zaure ma, malamin rabon gado mas'ala yake jefowa: wane ya rasu ya bar mata da 'ya'ya kaza, ku raba mu gani. Hadda tana da muhallinta, ba mu raina ta ba. Amma lissafi da kimiyya ba sa zama a kai da hadda kaɗai.

Sai dai ba a ce wa malami gobe ka fara, shi ke nan. Wanda ba a horar ba, in ya raba yara rukuni, aji ya koma kasuwa. Dole ya koyi ƙirƙiro matsalar da ta dace da manhaja, da yadda zai sa yaro mai kunya ya yi magana, da yadda zai ba kowa maki bisa adalci. Takardar NCE kaɗai ba ta isa ba, sai da gwaji a gaban wanda ya iya.

Don haka muna kira ga kwamitocin makarantu da ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu: a rage hidimar bikin yaye ɗalibai, a ɗauko ƙwararru daga kwalejin ilimi su horar da malamanmu a dogon hutu, a kuma biya malaman kuɗin zama, domin su ma suna da iyali. In an koma makaranta, su riƙa shiga ajin juna suna gyara wa juna.

Mu kuma iyaye, mu daina auna ƙoƙarin malami da cikar littafin rubutu. In yaro ya dawo gida, a miƙa masa lissafin cefanen yau, a ga abin da zai yi da shi.