Murɗewar Wuya Da Allurar Sinawa

Wata daga cikinku ta rubuto mini, wai wuyan yayarta yana juyawa hagu da kansa yau wata 8, an kuwa ba su labarin allurar nan ta mutanen Sin wadda ake sokawa ba magani a cikinta. Shin su gwada?

To, mu tsaya tukuna, don ciwon wuya iri-iri ne. Akwai wanda za ki tashi da safe ki ji wuya ya ƙage, ba dama ki waiwaya. Sinawa na ce masa "luozhen", watau faɗowa daga matashi. Abin mamaki, sau da yawa a bayan hannu suke soka allurar, tsakanin ƙashin manuni da na yatsan tsakiya, sa'an nan su ce ki riƙa juya kai sannu sannu. Sukan haɗa da tausa da ƙaho irin na wanzamanmu, sai dai nasu yawanci na gilashi ne. Wannan iri kuwa, ko an yi allura ko ba a yi ba, kwana kaɗan yakan saki.

Na baiwar Allah nan dabam ne. Asalinsa ƙwaƙwalwa, ita ke sa tsokar wuya ta ɗaure ba da son mai ita ba. Ya fi kama mata, galibi bayan shekara 30. Wata in ta taɓa haɓarta sai kan ya miƙe na ɗan lokaci, mutane su ce da gangan take, ko kuwa aljannu ne. Ko ɗaya babu.

Masu maganin gargajiya na Sin sukan ce iska ce ta motsa cikin jiki, amma fa ba iskokin bori suke nufi ba. Banda allura suna ba da jiƙon saiwa biyu, shaoyao da gancao, wanda wani likitansu, Zhang Zhongjing, ya rubuta tun wajen shekara ta 200. Gancao ɗin nan in aka daɗe ana sha yakan jawo hawan jini, ki lura.

Ni dai a ganina allurar takan rage wa waɗansu zafi, amma kada ku sayar da akuya kuna tsammanin ta miƙar da wuyan. Abin da likitocin asibiti suka fi dogara da shi wata allura ce, botulinum, da ake yi wa tsokar kanta, ta sassauta kamar wata 3, a sake.

Saboda haka ku fara da likita, ku tafi da duk maganin da take sha, don waɗansu magungunan amai sukan murɗe wuya. In za ku je wa mai allurar Sin, sai gwani, gama huhu na kusa da kafaɗa, kuma a buɗe sabuwar allura a gabanku saboda ciwon hanta.

Amma in wuya ya sanƙare tare da zazzaɓi da ciwon kai, ko yaro ko babba, ku ji tsoron sanƙarau. Asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.