A Daina Wanke Na'ura Kafin A Ji Kokenta

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a ɗakunan kwamfuta na makarantunmu, wadda nake ganin lokaci ya yi da malamai da ɗalibai za su zauna su dube ta da idon basira. Da zarar na'ura ta yi gardama, ko ta ƙi tashi, ko ta fito da wani rubutu da ba a saba gani ba, sai ka ji an ce, "A yi mata fomatin." Nan take a ɗauko filashi, a goge duk abin da ke cikinta, a sake zuba mata manhaja tun daga tushe. In ta tashi a yi murna, in ta sake kwantawa bayan mako biyu a sake wanke ta, in kuwa an gaji sai a lulluɓe ta da ƙyalle a tura ta lungu. Ra'ayina shi ne wannan al'ada asara ce, musamman ga makarantar da ke aiki da Linux, domin na'urar da ta lalace ita ce ɗakin gwaje-gwaje mafi arha da makaranta za ta iya mallaka, mu kuwa muna rushe shi da hannunmu.

Ga wanda bai sani ba, Linux babbar manhaja ce mai gudanar da kwamfuta, kamar dai Windows. Wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ne ya sanar da fara rubuta ƙwayarta a watan Agusta na 1991, yana da shekara 21. Aka haɗa ta da kayan aikin shirin GNU, wanda Richard Stallman ya shelanta a 1983, aka sami cikakken tsari da kowa ke da izinin kwafa da dubawa da gyarawa. Daga nan aka sami ire-irenta, kamar Debian a 1993 da Ubuntu a 2004. Wayar Android da ke aljihunka bisa ƙwayar Linux aka gina ta, kuma a watan Nuwamba na 2017 ne jerin kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya ya zamana duka da Linux suke aiki. Ga makarantunmu kuma akwai wani dalili na kusa. A ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, alhali tsofaffin na'urori da yawa ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. Irin waɗannan na'urori ne suka cika ɗakunanmu, kuma Linux na iya tsawaita rayuwarsu.

Amma ba don arharta kaɗai nake son ta ba. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta ɓoye ciwonta. Kusan duk abin da ya faru a cikinta sai ta rubuta shi, da rana da sa'a da daƙiƙa, a wata jaka mai suna /var/log, ko kuma a kundin da ake buɗewa da umarnin journalctl. Saƙonnin ƙwayar manhajar game da faifai da sauran sassan jiki kuwa ana ganinsu da umarnin dmesg. Wanda ya goge na'ura bai karanta waɗannan ba, tamkar malamin asibiti ne da majiyyaci ya zo masa da takardar gwaji a hannu, ya yage ta, sannan ya rubuta magani da ka.

Bari in ba da misali da abin da na gani da idona. Na taɓa ziyartar wata makarantar sakandare, na tarar da na'ura guda an jingine ta, an ce ta mutu. Alamar ciwon ita ce, in an shigar da kalmar sirri sai allo ya yi duhu, sannan ya dawo yana neman kalmar sirri, haka dai ba iyaka. Malamin da ke kula da ɗakin ya riga ya yanke shawarar wanke ta, ko da yake sakamakon jarrabawar wani aji na cikinta kuma babu kwafinsa a wani wuri. Na roƙe shi ya ba mu minti goma. Na kira wata ɗaliba ta danna maɓallan Ctrl da Alt da F3 tare, sai ga baƙin allo na rubutu zalla ya bayyana. Ta shiga da sunanta, ta rubuta df -h, umarnin da ke nuna yadda faifai ya cika. Sai ga shi ya nuna kashi 100 cikin 100. Ta bi jakunkuna da umarnin du, mai auna nauyin kowace jaka, har ta kai ga tarin finafinan da wasu suka jibge a ciki. Da aka kwashe su, na'ura ta buɗe lafiya lau. Ashe ba ta mutu ba, wurin da za ta rubuta 'yan ƙananan fayilolin da take buƙata yayin buɗe wa mutum ƙofa ne ta rasa. Da an wanke ta, da sakamakon jarrabawa ya salwanta, kuma da bayan 'yan watanni faifan ya sake cika, tun da ba wanda ya san dalili.

Ya kai mai karatu, dubi matakan da yarinyar nan ta bi. Ta lura da alama, aka yi hasashen dalili, ta gwada, ta ga sakamako. Wannan ita ce hanyar binciken kimiyya da muke sa yara su haddace a aji ɗaya, su rubuta a jarrabawa, ba tare da sun taɓa bin ta da ƙafarsu ba. Makarantu da yawa ba su da sinadarai ko madubin ganin ƙwayoyin halitta, amma suna da kwamfutar da ta ƙi aiki, kuma gwaji a kanta ba ya cin ko sisin kwabo.

Akwai cututtuka biyu da yanayinmu ke yawan jawowa, waɗanda ya kamata kowane mai kula da ɗakin kwamfuta ya gane su. Na farko shi ne ɗaukewar wuta ba zato. In wuta ta tafi na'ura na tsakiyar rubutu a faifai, wani lokaci tsarin ajiyar yakan hargitse. Idan aka kunna, maimakon allon da aka saba sai a ga baƙin allo da kalmar initramfs, a samansa kuma an rubuta cewa a gudanar da fsck da hannu, har da sunan ɓangaren faifan da abin ya shafa, misali /dev/sda2. Mutane kan firgita a nan, alhali na'urar ta faɗi ciwon ta kuma faɗi maganin. Rubuta fsck da sunan ɓangaren, ka amsa tambayoyinta, sau da yawa shi ke nan. Sai dai a kiyaye, ba a gudanar da wannan umarni a kan ɓangaren da ake cikin amfani da shi. Na biyu shi ne mutuwar ɗan ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, da ke riƙe agogon na'ura. In ya mutu agogo yakan koma shekarun baya, sai shafukan intanet su riƙa ƙin buɗewa suna kukan takardar shaida, sabunta manhaja ma ya gagara. Umarnin date kaɗai ya isa ya tona asirin. Ko sau goma aka wanke wannan na'ura batirin ba zai farfaɗo ba. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Haka nan in intanet ta ƙi, akwai tsani da ake hawa mataki-mataki. A fara duba waya ko an soke ta. A rubuta ip a don a ga ko na'ura ta sami lambar adireshi. A yi ping zuwa na'urar da ke raba intanet a ɗakin, sannan zuwa wata lamba ta waje kamar 8.8.8.8, sannan zuwa sunan wani shafi. Idan lamba ta amsa suna bai amsa ba, to, matsalar tana wajen fassara sunaye zuwa lambobi, wato DNS. Kowane mataki yana kore zato guda, har a rage saura ɗaya.

To, amma kada a fahimce ni a karkace. Ban ce a saki yara su yi ta buga umarni yadda suka ga dama ba, domin akwai abin da ya fi wankewa muni, wato gyaran gangar Auzinawa. A Linux akwai mai iko duka da ake kira root, kuma kalmar sudo ita ke ara wa mutum wannan iko. Na'ura ba ta jayayya da mai wannan matsayi, ko da ya umarce ta ta hallaka kanta. Sau da yawa ɗan koyo kan ga saƙon Permission denied, ma'ana ba a ba ka izini ba, sai ya ruga ya rubuta chmod 777 don ya huta. Da ya tsaya ya koya, da ya san cewa 4 izinin karantawa ne, 2 na rubutawa, 1 na aiwatarwa, jimlarsu 7, kuma gurabe ukun na mai fayil ne da rukuninsa da sauran jama'a. Ashe ke nan 777 na nufin ka cire ƙyauren ɗakinka don makulli ya yi maka tauri. Umarnin rm kuwa, mai goge fayil, ba ya ajiye abin da ya goge a kwandon shara. A 1998 a kamfanin Pixar na Amurka, wani ya gudanar da shi a inda bai dace ba, mafi yawan aikin fim ɗin Toy Story 2 ya goge, aka je ga ajiyar ko-ta-kwana aka tarar ba ta aiki yadda ya kamata. Abin da ya cece su shi ne kwafin da ke gidan wata ma'aikaciya da ta haihu take aiki daga gida. In ƙwararru sun faɗa wannan rami, ina ga mu?

Saboda haka nake ba da shawarar ƙa'idoji huɗu, a rubuta su a manna a bangon kowane ɗakin kwamfuta. Ta farko, karanta saƙon kuskure har ƙarshe, ka kwafe shi a takarda harafi da harafi. Ta biyu, kada ka buga umarnin da ba ka san aikinsa ba, ko daga wa ka samo shi, mutum ne ko manhajar hira. Rubuta man da sunan umarnin, littafin bayaninsa zai buɗe ko babu intanet. Ta uku, kafin ka taɓa fayil ɗin saiti a jakar /etc, yi kwafinsa da cp, kuma abu ɗaya za ka canza a lokaci guda, ka gwada, sannan ka wuce gaba. Wanda ya canza abu biyar na'ura ta tashi bai san wanne ne ya yi magani ba. Ta huɗu, a ajiye littafi na takarda a ɗakin, a rubuta kwanan wata da alamar ciwo da abin da aka gwada da abin da ya yi aiki. Malami kan sami canjin wurin aiki, ɗalibai kan gama su tafi, littafin nan shi zai zauna.

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Wani malami zai ce shi kaɗai ne a kan na'urori masu yawa da azuzuwa masu yawa, wankewa rabin sa'a ce, bincike kuwa yana iya cin yini. Gaskiya ne a karon farko. Amma ciwon da aka gano dalilinsa sau ɗaya ake wahalarsa, wanda aka rufe da fomatin kuwa kullum yana nan tafe. Kuma ba dole ne malami ya ɗauki nauyin shi kaɗai ba. Ya zaɓi ɗalibai biyar ko shida, maza da mata, ya damƙa wa kowane biyu 'yan na'urori, shi ya riƙe ikon sudo har sai ya ga hankalinsu. Wani zai ce yara za su lalata kayan makaranta. Amsa ita ce a ware tsohuwar na'ura guda wadda babu komai mai muhimmanci a cikinta, a ce wannan ta ɓarna ce. Malami ya ɓata mata wani abu da gangan ranar Litinin, ya ba ɗalibai zuwa Alhamis su gano. Wani kuma zai ce saƙonnin da Turanci suke, Turancin ma mai tsauri. Haka ne, sai dai waɗanda ake yawan cin karo da su ba su da yawa, kuma ba abin da zai hana ƙungiyar kimiyya ta makaranta ta tattara su a littafin nan, kowanne da bayaninsa da Hausa.

Ina kuma yarda cewa akwai ranar da wankewa ita ce daidai, kamar idan faifai ya mutu an sa sabo, ko an yi ɓarnar da gyaranta ya fi sake gini wuya. Ko a ranar ma akwai sharuɗɗa biyu. A tayar da na'urar daga filashi mai ɗauke da Linux, wanda ke aiki ba tare da ya taɓa faifan ciki ba, a kwashe fayilolin mutane tukuna. Sannan a rubuta a littafi abin da ake zaton ya jawo, don kada a maimaita. Fayiloli masu muhimmanci kuwa, irin su sakamakon jarrabawa, tun na'ura na da lafiya ake kwafe su a wani wuri, a kuma riƙa gwada kwafin ana ganin yana buɗewa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Kirana ga shugabannin makarantu shi ne su daina auna ƙwazon mai kula da ɗakin kwamfuta da saurin da yake wanke na'ura, su tambaye shi littafinsa da kuma yawan ɗaliban da ya koya wa. Ku kuma ɗalibai, idan kun koma makaranta, ku nemi izinin malaminku ku yaye ƙyallen da aka lulluɓe na'urar nan ta lungu, ku kunna ta, ku ɗauki biro ku kwafe abin da ta rubuta a allo. Daga nan ne darasin zai fara. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.