D'Tigers: sunaye muke tarawa ko tawaga muke ginawa? (Zare)

1/ Duk sanda aka fitar da jerin 'yan wasan ƙwallon kwandon maza na Najeriya, abin da muke fara yi shi ne ƙirga 'yan NBA. In sun kai shida mu ce ai kofi namu ne, in babu ko ɗaya mu fara zagin koci. Ni dai a ganina wannan lissafin ne yake cutar mu. Ku biyo ni a hankali. 🧵

2/ Ranar 10 ga Yulin 2021, a Las Vegas, D'Tigers suka doke Amurka 90-87 a wasan sada zumunta. Su Kevin Durant da Damian Lillard suna cikin fili fa. Gabe Vincent ya ci maki 21, muka zura jifa mai maki uku har 20. Ba a taɓa samun ƙasar Afirka da ta yi wa Amurka haka ba.

3/ Ku tuna, ƙasar nan ce ta yi mana 156-73 a Olamfik ɗin Landan a 2012. Ratar maki 83! Don haka murnar da aka yi tana kan hanya. Mun tafi Tokyo da 'yan NBA 8 cikin mutum 12, koci kuma Mike Brown. Kowa ya sa rai.

4/ Me ya faru a Tokyo? Ostareliya ta doke mu 84-67, Jamus 99-92, Italiya 80-71. Wasa uku, babu nasara ko ɗaya. Da Jamus da Italiya har muna gaba, amma da aka shiga zangon ƙarshe komai ya warware, aka koma kowa tasa ta fisshe shi.

5/ Bayan 'yan makonni aka tafi gasar Afirka, AfroBasket, a Kigali. Taurarin sun koma ƙungiyoyinsu, aka haɗa kusan sababbin fuskoki gaba ɗaya. Yuganda ta fitar da mu 80-68, ko kwata fainal ba mu kai ba. Daga doke Amurka zuwa shan kashi a hannun Yuganda, ko wata biyu ba a yi ba. Riga ɗaya, tawaga biyu da ba su san juna ba.

6/ Yanzu ku dubi 2015 a Tunisiya, lokacin da muka ɗauki kofin Afirka na maza karo ɗaya tilo. Mun doke Angola 74-65 a fainal, Chamberlain Oguchi ya zama gwarzon gasa. Ba a cika tawagar da 'yan NBA ba. Amma Oguchi da Al-Farouq Aminu da Alade Aminu tun 2012 suke tare, tare suka sha dukan nan na Landan. Sun san juna.

7/ Abin da da yawanmu ba mu lura da shi ba: tun 2017 FIBA ta rarraba wasannin neman gurbi zango-zango, har da Nuwamba da Fabrairu. A waɗannan watannin ana tsakiyar kakar NBA, kuma ba ta sakin 'yan wasanta. Ma'ana, ranar da ake neman tikitin zuwa gasar duniya, tauraronka yana can Amurka.

8/ Shi ya sa Kofin Duniya na 2023 ya wuce mu. Afirka ta tura Angola, Masar, Kwaddibuwa, Sudan ta Kudu da Cape Verde. Cape Verde fa, tsibiran da mutanensu ba su kai na birnin Zariya yawa ba, kuma sun doke mu a wasannin neman gurbin. Daga baya Olamfik ɗin Paris ma a talabijin muka kalla.

9/ Sudan ta Kudu sai 2011 ta samu 'yanci. Luol Deng ya karɓi hukumarsu, ya tattaro yaransu da ke warwatse a Ostareliya da Amurka da Turai, ya riƙe su tare shekara bayan shekara. A Yulin 2024 a Landan sai da LeBron James ya zura ƙwallo a daƙiƙun ƙarshe kafin Amurka ta sha da 101-100. A Paris suka doke Puerto Rico 90-79.

10/ Jamus ɗin da ta doke mu a Tokyo, kocinsu na gaba, Gordon Herbert, ya nemi 'yan wasa su ɗaukar masa alƙawarin shekara uku. Sakamako: tagulla a gasar Turai 2022, sannan Kofin Duniya 2023 ba tare da an doke su ko sau ɗaya ba. Har Amurka suka fitar a wasan kusa da ƙarshe.

11/ Ita kanta Amurkar ta sha wannan darasin. A Athens 2004 ta kwaso taurari a gurguje, Puerto Rico ta yi mata 92-73, ta ƙare da tagulla. Sai Jerry Colangelo ya ce duk mai son rigar ya ba da shekara uku. A 2008 suka dawo da zinare. In mai LeBron da Kobe bai raina shiri ba, mu wa muka dogara da shi? Ba a fafe gora ranar tafiya.

12/ Ga kuma bambancin doka. Wasan FIBA minti 40 ne, na NBA 48. Fawul biyar ka fita, can shida. Layin maki uku mita 6.75 ne, na NBA ya kai 7.24. Kuma a FIBA ƙato zai iya dasa kansa a gindin kwando yana tsaro ba a hura masa usur ba. Wanda yake buga lig a Sifaniya ko Turkiyya ko Faransa, wannan ne abincinsa na kullum.

13/ Wani zai ce, "Wato a ajiye ɗan NBA a ɗauki wanda bai kai shi ba?" A'a malam, ban ce haka ba. Josh Okogie ko Precious Achiuwa in suna da lafiya kuma sun zo sansani a kan lokaci, wa zai ajiye su? Abin da nake cewa, a zo da su su tarar da gini a tsaye, kar a jira su sannan a fara haƙa tushe.

14/ Kuma don Allah mu daina cewa waɗanda aka haifa a waje "ba 'yan Najeriya na gaske ba ne". Yaron da ya zaɓi kore da fari alhali yana da wata ƙofar, ya cancanci girmamawa. Hakeem Olajuwon Amurka ya ci wa zinare a 1996. Bam Adebayo Amurka yake bugawa, Giannis kuma Girka. Waɗanda suka zo mana, zuwa suka yi da kansu.

15/ Sai dai akwai tarko. A dokar FIBA, wanda ya karɓi fasfo bayan ya wuce shekarun da aka ƙayyade ana lissafa shi a matsayin wanda aka ba takardar zama ɗan ƙasa, kuma mutum ɗaya tak irinsa ake yarda a saka a tawaga. To zaɓen 'yan wasa tun suna 14, 15 yake farawa: a nemo iyaye, a yi fasfo. Wannan aikin ofis ne, koci ba zai iya shi a sati biyu ba.

16/ Mu 'yan Arewa kuma ƙorafinmu daban: "Ina namu a ciki?" Ina jin zafin nan nima. Amma ba na goyon bayan a raba gurbi shiyya-shiyya kamar ɗaukar aikin gwamnati. Gurbi 12 ne kacal. Ranar da aka saka wani don sunan jiharsa, shi za a fara kunyatawa a fili.

17/ Abin da ya kamata mu nema shi ne a gan su. Kano Pillars tana da ƙungiyar kwando da ta sha ɗaukar kofin ƙasa, ga Gombe Bulls, Masai Ujiri ma a Zariya ya tashi. Rivers Hoopers sun zo na uku a gasar BAL ta 2024. Gwanaye suna nan. Rikicin shugabancin hukuma da aka fara a 2017 ne ya daƙile lig ɗin gida shekaru, to a ina koci zai ga yaro?

18/ Kar mu manta da Mayun 2022, da gwamnati ta ce ta janye Najeriya daga wasannin duniya na shekara biyu. An soke matakin a watan Yuni, amma kafin nan D'Tigress sun rasa gurbinsu na Kofin Duniya, an ba Mali. Ɗan wasan da ke da kwantiragi a waje ya ga wannan, kana tsammanin zai ɗauki kiranka da gudu?

19/ Da ni ake tambaya, ga tsari:
• Mutum 8 na dindindin daga Turai, Afirka da gida, masu zuwa kowane zango.
• Gurbi 4 na 'yan NBA, da sharaɗin zuwa sansani daga ranar farko.
• A ɗauka bisa buƙata: mai raba ƙwallo, masu jifa daga nesa, masu tsaro.
• Wanda ya sha wahalar samo tikiti kar a jefar da shi ranar biki.

20/ Alƙawari kuma ɓangare biyu ne. In ka nemi shekara uku daga ɗan wasa, kai ma ka ba shi tikitin jirgi a kan lokaci, inshora, alawus ba tare da sai ya yi bidiyon koke ba, da koci ɗaya da zai daɗe.

21/ Don haka in jerin sunaye na gaba ya fito, kafin ku ƙirga 'yan NBA ku tambaya: mutum nawa ne a nan suka buga tare a zangon da ya wuce? In ba su kai rabi ba, kar ku sa rai da yawa.

Ku kuma wa za ku fara sakawa a takwas ɗinku? Ina jiran ku a ƙasa. 🏀🇳🇬