Wa Ya Ɓata Sunan Waziri Ja'afaru?



Kwanakin baya, bayan sallar isha'i, muna zaure a nan Zangon Kumasi muna kammala wasiƙun da dattijon unguwarmu zai sa wa hannu, sai hayaniyar yara ta ishe mu daga tsakar gida. Sun yi cincirindo a kan waya ɗaya suna kallon fim. Dattijo ya tambaye su abin da suke kallo, suka ce Aladdin ne. Ya yi murmushi ya ce ai Ala'uddini ke nan mai fitila, yana cikin Dare Dubu da Ɗaya, mun san shi tun ba a haifi iyayenku ba. Wata jikarsa ta ce, "A'a Kaka, wannan na Disney ne." Da hira ta kai kan Waziri Ja'afaru, dattijo ya ce mutumin kirki ne mai hikima, sai yaran suka bushe da dariya, domin Ja'afarun da suka sani mugun matsafi ne mai neman ƙwace sarauta. Dariyar nan ita ta hana mu barci, ita ce kuma dalilin wannan rubutu.

Bari mu fara da wanke wanda aka ɓata. Ja'afaru ɗan Yahaya Albarmaki mutum ne da ya rayu a tarihi, wazirin Halifa Haruna Rashidu a Bagadaza, har zuwa shekara ta 187 bayan hijira, wato 803 miladiyya, lokacin da halifan ya sa aka kashe shi. A cikin hikayoyin Alfu Laila shi ne mai raka halifa yawon dare cikin shigar fatake, shi ke kwantar masa da hankali idan ya fusata. A labarin Ala'uddini kuwa babu shi sam. Mugun da ke cikin labarin wani matsafi ne daga ƙasar Magrib, kuma a ƙasar Sin aka ce abin ya faru. Mahaifiyar yaron tana raye, ita ce ma ta je fada nema masa auren gimbiya Badarul Buduri. Aljanu biyu ne, na zobe da na fitila, kuma ba a ƙayyade masa buƙatu uku ba.

To, ina aka samo mugun waziri? Daga wani fim aka ɗauko shi. A 1924 Amurkawa suka yi fim ɗin Ɓarawon Bagadaza, a 1940 aka sake yin sa da launi, kuma a wannan na biyun ne aka sa wa mugun waziri suna Ja'afar, ɓarawon yaro kuma Abu. Da kamfanin Disney ya tashi yin nasa a 1992, sai ya gaji sunayen biyu, ya mai da Abu biri, ya ƙago wani birni da babu shi a taswira. A 2019 kamfanin ya sake yin fim ɗin da 'yan wasa na zahiri, ya kwashi sama da dala biliyan ɗaya. Haka fim ke ɗauka daga fim, kowane ɗaya yana ƙara nisa da littafi, har ranar da jika za ta gyara wa kakanta labari.

Kada a ɗauka muna ƙyamar maimaita tsohon labari. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma adalci ya sa mu faɗi cewa shi kansa labarin Ala'uddini ba a same shi cikin tsofaffin rubuce-rubucen Larabci na Alfu Laila ba. Wani Bafaranshe, Antoine Galland, wanda ya fara fitar da fassarar littafin a 1704, shi ya ji shi a 1709 daga bakin Hanna Diyab, mutumin Halab, ya shigar da shi tare da na Ali Baba. Mu ma a gida haka aka yi. Alhaji Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya sa musu riga da hula, ya ɗora su a bakin aku, suka zama Magana Jari Ce. Babu mai hankalin da zai ce Imam ya yi ɓarna. Labarin da aka daina maimaitawa ya kama hanyar kushewa.

Mun kuma yarda cewa mai fim yana da uzuri. Abin da alƙalami zai shimfiɗa a shafi ɗari, shi dole ya dunƙule shi cikin awa biyu. Ya zuba dukiya, yana son ta dawo, kuma sunan da jama'a suka riga suka sani ya fi saurin jawo mai kallo fiye da baƙon suna. Wannan ne ya sa ake komawa kan littattafai ƙalilan ana ta sake su. Ciniki ne, ba mu ce haramun ba ne.

Amma mu da muka tashi a gaban allo mun san wata ƙa'ida da malamanmu suka riƙe wajen sake aikin magabata. Duk wanda ya karanta Ishiriniya ya san cewa baitocin Alfazazi ne Ibn Mahib ya yi wa tahamisi. Ya ƙara nasa a kai, amma ya bar na mai asali a tsaye, almajiri yana iya nuna maka inda na wannan ya ƙare, na wancan ya fara. Haka mai sharhi ke kawo matani kafin ya kawo bayaninsa. Ƙari halal ne, shafe asali ne cin amana. Da wannan ma'auni muke auna fina-finan nan. Wanda ya sa mai kallo ya tashi yana neman littafin ya cika amana, ko da ya sauya abubuwa da yawa. Wanda ya zauna a kujerar littafin har aka manta da shi ya ci amana, ko da ya yi kyau a ido.

Abin ya fi tsanani a kanmu mazauna Zango. Yaron Kano ko Zariya yana karanta Hausa a aji, kuma idan ya shiga kasuwa zai tarar da Ruwan Bagaja a shimfiɗe. Namu yaran suna jin Hausa a gida da masallaci, amma a makarantar boko Turanci suke karantawa da Tuwi, domin Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnati ta ɗauka don koyarwa a makarantun ƙasar nan. Da yawansu ba su taɓa riƙe littafin Hausa ba. Saboda haka abin da suka gani a allon waya shi ne asali a wurinsu, babu wani kwafi a gefe da za su gwada da shi. Wannan kuwa a ƙasar da Alhaji Umaru na Karaci ya rayu yana rubuta waƙoƙi da tarihi da Larabci da Hausar ajami har ya rasu a 1934.

Wani abin takaicin shi ne, yayin da wasu ke sake yin nasu kowane zamani, namu sau ɗaya ake yi a jingine. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito daga gasar rubutu ta 1933. An fassara shi zuwa Turanci a 1967, an mai da shi wasan dandali, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Daga nan fim ɗin ya ɓace wa idon jama'a shekaru masu yawa, sai da aka tono shi daga ma'ajiya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Labari ne na yaron da aka sace aka ƙetare Sahara da shi, da uwar da ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Mu da kakanninmu suka bi hanyar goro zuwa Gwanja, suka ci kasuwar Salaga inda ba goro kaɗai ake sayarwa ba, wannan labarin ya shafe mu fiye da fitilar aljani.

Don haka muna kira ga 'yan'uwanmu masu shirya fina-finai a Kano da Kaduna da Jos: ku sake yin Shaihu Umar, ku yi Ganɗoki, ku koma wa Magana Jari Ce. Muna so, za mu kalla. Sai dai ku rubuta sunan marubucin da manyan baƙaƙe a farkon fim. Kada ku mai da kukan uwar Umar waƙar soyayya a lambu don kasuwa ta buƙaci haka. Inda kuka sauya, ku bari a san kun sauya.

Mu ma da namu nauyin, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. A unguwarmu mun yanke shawarar ba 'yan'uwa masu zuwa Kano sautun littattafan nan, a ajiye su a zaure. Ranar Asabar bayan la'asar a tara yara, wani ya karanta babi ɗaya da ƙarfi, sannan in akwai fim a kalla, a tambaye su abin da aka bari da abin da aka ƙara. Muna roƙon sauran zanguna, daga Nima zuwa Tamale, su gwada haka. Jikar dattijon nan mun yi mata alkawarin ita za ta fara jin labarin Ja'afaru na gaskiya.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana. Wassalam.